Ubanku Yana Ƙarƙashin Ƙanƙara

Duk ilimin teku da ɗan Adam ya tara, tun daga jirgin Annabi Nuhu har zuwa yau, bai kama ƙafar wanda aka zuba a bakin murhun kakata Iya a Tsibiri ba. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne Gulbin Maraɗi, shi ma da damina kawai.

Ina aji biyu a lakwal Baba ya tafi Arlit aikin haƙar iraniyom. Uwarmu ta riga ta rasu, sai aka bar wa Iya ni da ƙanwata Rabi. Sau ɗaya ya zo ganin gida, da sababbin takalma da labari. Ya ce dutsen da suke haƙowa shi Nasara ke ba wani jirgi, jirgin ya nutse a teku, ya shige ƙarƙashin ƙanƙara can ƙarshen duniya, ya yi watanni bai leƙo ba. Ya koma. Wasiƙa ta zo sau biyu, daga nan shiru.

Shirun nan Iya ta ɗauka ta ƙera tatsuniya. Da sanyi, in an gama tuwo, sai ta tura karan hatsi cikin wuta, ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan, mai kunne shi matso." Akwai wani kifin ƙarfe, in ji ta, ba ya cin tsutsa sai dutsen Arlit, loma ɗaya ta kai shi shekara. Masu ƙwazo cikin mahaƙa su ake ɗauka su zauna cikinsa suna ba shi abinci. A bisa kansu ƙanƙara ta yi rufi. Kifin na tafe yana dungurar rufin da ka, yana neman inda ba kauri. Ranar da ya samu zai fasa, mutane su fito, kowa da tsarabarsa.

Ni kuwa tun lokacin ina da cutar gyara wa mutane zance.

"Iya, Mushe malaminmu ya ce ba irin ƙanƙarar da ta kashe mana hatsi bara ba ce. Teku ce ta daskare."

"Mushen naku ya taɓa shiga? Ji min maigidan nan, ko goro bai taɓa sayo mini ba, shi za ya koya mini ƙanƙara!"

Rabi ba ruwanta da kimiyya. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Iya, yaushe Baba za shi hito?"

"Ubanku shina ƙarƙashin ƙanƙara. Wa ka aiko takarda daga ƙarƙashin ƙanƙara?"

Ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba. Takan ce a aje kan kusun tukuna, labari bai ƙare ba. Wata shekara ta daina ba mu shi baki ɗaya. Na ɗauka girma ta ga mun yi.

Daga baya ni ma na zama Mushe, ina koyar da labarin ƙasa a wani kwalejin Maraɗi. Na karanta abin da na samu a kan jiragen nukiliya na ƙarƙashin teku, na tarar tsohuwar ta ci jarrabawa. Suna ratsa ƙarƙashin ƙanƙara, suna neman inda ba kauri su fasa, kuma ba a cika jin ɗuriyar na ciki ba sai sun dawo. Sai na gina darasi a kai, na goge shi har yana ƙyalli: dutsenmu na haska jirgi a ƙasan teku, mu ajinmu ba kuran, ko ƙwan lantarki ɗaya babu, ubana kuma ramin ya haɗiye shi. Yara kan yi tsit. Ina jin daɗin tsit ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Maraici ma in an iya jera shi ado ne.

A zaman makokin Iya, ƙanenta Ilu, mai kawo tattasai kasuwa daga Jiratawa, ya ji ina maimaita darasin ga masu gaisuwa. Ya ja ni bayan rumbu.

"Kai har yanzu Arlit kake faɗi? Shekara biyu ya yi, tari ya kama shi, aka sallame shi. Ya sauka tashar Maraɗi hannu rabbana, kunya ta hana shi isowa gida. Dakon ƙanƙara ya kama, shina ɗauka bisa kai shina kai ma masu kifi, ruwa na zuba mishi a wuya. Shekara shida. Mu biyar munka kai shi makwanci."

"Iya ta sani?"

"Wa ka kai mishi hura duk Juma'a? Ya haɗa ta da Allah kada ku ji."

Na daɗe ina neman ƙarya ɗaya a cikin abin da ta faɗa mana, don in sami abin riƙe ta da shi. Akwai kifi, akwai ƙanƙara, ubanmu na ƙarƙashinta, takarda kuma ba ta zo ba. Ni da na sha karatu ne na yi ta koyar da ƙarya shekara ashirin, da alli.

Daga kasuwar kifin zuwa ƙofar gidanmu a Tsibiri, na gwada a kabu-kabu. Minti ashirin ne.