Yaɗon Malam Sada

Malam Sada na garin Sara, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara arba'in yana noman dankali iri ɗaya. Bayansa ja, cikinsa kamar gwaiduwar ƙwai, ga gari ga zaƙi. A kasuwar Gwaram "na Sada" kawai ake ce masa. Sau huɗu yana kai shi baje kolin amfanin gona a Birnin Kudu, sau uku yana zuwa na ɗaya. Aka ba shi keke, aka ba shi buhunan taki, daga baya injin ban ruwa. Karon da ya faɗi kuwa, har ya bar duniya yana cewa alƙalan da ido suka yi hukunci, ba wanda ya kai bakinsa.

Dankali ba shi da ƙwayar da za a zuba a rumbu. Yaɗonsa ake yanka a dasa, don haka in rani ya shiga sai an raya shi a wuri mai danshi har ruwa ya sauka. Maƙwabta da yawa suna shuka na Sada, amma ba mai ɗaukar wannan wahalar, da damina wurinsa kowa yake zuwa yanka. Shi kaɗai yake da 'yar kusurwa a fadama, kullum da safe yana can da bokiti.

Matarsa Hapsatu takan ce, "Malam, ni ko rabin kulawar ganyen nan aka ba ni, na gode."

Ya ce, "Ke ai kina iya ɗebo ruwa da kanki. Shi fa?"

Ranin bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati bakwai a asibiti, Hapsatu na jinya. Kowa ya ɗauka wani ne yake ban ruwan. Ranar da aka sallame shi bai yarda an wuce da shi gida ba, ya sa mai babur ya bi ta fadama. Ya tarar ƙasa ta tsattsage, yaɗon ya bushe ƙayau, yana taɓawa yana murjewa. Dankalin da ya ajiye a ɗaki kuma ƙwaro ya riga ya gama da shi.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya dai daina hira, abinci sai an matsa masa. Mutane suka ce ciwon ne ya dawo, Hapsatu ta san ba shi ba ne. Wata safiya ya ce mata, "Hannun babana na karɓe shi, a hannuna ya mutu."

Ana haka sai ga Datti ya zo dubiya. Datti mai shanu ne a bayan gari. Duk kaka shi yake kwashe ganyen dankalin Sada ya kai wa dabbobinsa, su kuma su kwana a gonar su bar taki.

Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Sada, in ka ji sauƙi ka zo ka kwashe ciyawarka, ta hana ni gyara shinge."

"Wace ciyawa kuma? Bar ni da abin da ya dame ni."

"Wadda shanuna suka raina. Sun ce su ba alƙalan Birnin Kudu ba ne, ba a ruɗinsu da ja."

Sada ya ɗago kai ya dube shi. Bai jira ƙarin bayani ba, ya ce a miƙo masa takalmi.

A bakin rijiyar da Datti yake shayar da shanu, ruwan kwamin da suke sha a ciki yana tsiyaya ya bi ƙarƙashin shingen ƙaya. Nan guntayen yaɗon da ya kwaso da kaka suka zube, suka yi saiwa inda bakin saniya ba ya kaiwa. Sada ya durƙusa da ƙyar, ya juya ganye ɗaya, ya sa yatsa ya tona. Ɗan dankali ya fito bai fi babban yatsa ba. Ya karya shi, ya ga cikin. Ya daɗe a durƙushe, hawaye na bin gemunsa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Shi ne. Datti, kada ka taɓa shingen nan."

"To, yau kuma shingena ya zama naka."

Ran nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Da ruwa ya sauka bai koma gidan jiya na raya shi shi kaɗai ba. Ya zauna kan kujera ya yanka yaɗon da hannunsa, ya raba wa gida bakwai, kowa sai da ya yi masa alkawarin zai raya nasa da rani. Ya ga tono, ya ci dafaffe da ƙuli-ƙuli, ya ce bai canza ba. Bayan kwana tara Allah ya yi masa rasuwa, da hantsi, hankalinsa kwance.

Muna kewarsa ƙwarai. Amma bana rani ya yi nisa, kuma yaɗon yana nan kore shar a wuri bakwai. Hapsatu ta zaga duka ta gani da idonta.