Sunan da Ban Ba Waya Ba

Mun tashi da asuba daga Salaga, ni da ɗana na fari. Shekararsa tara, maganarsa kaɗan ce. In aka sauya masa lokacin wanka ko na tuwo, sai ya yi ta buga kai da bango. A zango, unguwarmu ta Hausawa, ana cewa aljanu ne. Ni na san ba su ba ne.

Hanya ta jijjiga mu. Direba ya ƙure rediyo, yaron ya toshe kunne yana kuka. Na ce a rage, aka rage. A tashar Tamale koko ya yi tsada, ƙosai kuwa kamar maɓalli. Babura ko ta ina, mata ma na tuƙawa da goyo a baya. Na riƙe hannunsa gam, muka hau yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, zuwa unguwar Lamashegu, inda ake duba irin waɗannan yara.

Wata malama Badagomba ta sa mini wani abu a waya. Hoton buta ya fito, lokacin wanka ke nan. Hoton kwano, lokacin ci. Yaron ya zuba ido, ya yi shiru. Rabon da in ga haka har na manta.

Sai tambaya ta fara. Hotonsa, unguwarmu, ko yana fitsarin kwance.

Na ce, "Wa zai ga wannan?"

"Mma, kamfani ne ke ajiyewa."

"Kamfanin ɗan wace unguwa ne?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na taɓa barin gari da zane ɗaya, lokacin rikicin ƙabilanci da ake tare mota ana tambayar suna. Na hana hoto, na hana unguwa. Sauran na amsa, don ta ce sai da shi abin zai yi aiki.

"To, sunansa?"

Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Na kau da kai na ce, "Wane." Hausarta ta kasuwa ce, ta ɗauka suna ne, ta rubuta. Na bar ta.

A motar komawa na kasa zama, ina ta juya wayar. Muna isa gida ta yi ƙara: "Wane, lokacin wanka." Ya tashi da kansa ya ɗauko buta. Bango ya huta.

Abin da tafiyar ta koya mini: karɓi taimako, amma kada ka miƙa duka. Har yau hankalina bai kwanta ba. Can wani wuri an san wane yana fitsarin kwance. To, su je su nemo wane.