Wayoyin Rumfar Bawa

Shekara talatin da biyar na yi cikin kaki, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa iya mantawa da ranar da na kwashe wayoyin rumfar Bawa ba. Tunda ku sababbin shiga kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin, wannan za ni ba ku, ko da yake ba ya ƙara mini kwarjini.

Lokacin ina Sufeto, ina riƙe da sashen bincike a wani ofishinmu na yankin Isa da Sabon Birni. Sufeto yana sama da Saje, yana ƙasa da masu tauraro, wato shi ake ɗora wa umarni daga sama, shi kuma ke shan zagin mutanen gari. Kaka ce, gero ya nuna, zaɓen ƙananan hukumomi saura 'yan watanni.

Sai wata jaridar intanet ta saki wani saƙon murya. Muryar kansilan wata mazaɓa ce, yana lallashin wani jagoran 'yan bindiga ya bar mutanen ƙauyensa su yanke geronsu. Mu da ke nan mun san ana irin wannan magana, don ba kowane ƙauye motarmu ke kaiwa ba. Amma jaridar ta buga cewa ɗan siyasa na haɗa baki da ɓarayin daji. Kafin kwana biyu jam'iyyarsa ta dakatar da shi, 'yan adawa sun tara manema labarai a Sakkwato, shugaban ƙaramar hukuma ya ce da ƙyar ma ya san shi, alhali akushi ɗaya suke sa hannu. Kansilan kuwa ya kawo ƙara cewa an shiga wayarsa an saci saƙo.

Hedikwata ta aiko da sigina, wato umarni a rubuce, cewa a kamo wanda ya yi cikin gaggawa. DPO, shugaban ofishinmu, ya miƙo mini takardar ya ce, "Sufeto, kafin Juma'a ina son mutum a sel." Bai ce wane mutum ba.

Na tambayi kansila inda wayarsa ke zuwa in ta bar hannunsa. Ya ce wurin caji kawai.

Ga wanda bai san garuruwanmu ba, wutar lantarki ta daɗe da yi mana sallama. Bawa, wani dattijo mai ɗingishi, shi ke da rumfar caji a bakin kasuwa, da sola da ƙaramin janareta da allunan soket. Ka ba shi waya, ya manna mata lamba, ya ba ka guntun kwali mai wannan lambar. Duk wanda ya kawo kwalin shi ke da waya, ba a tambayarsa komai. Mutanen Tsamaye da Kurawa sukan tattara wayoyin unguwa guda su ba mai babur ranar kasuwa, da yamma ya maido musu a cike. Sana'ar gaba ɗaya amana ce, kuma Bawa ya shekara fiye da goma yana yin ta ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ranar kasuwa na je, rana tsaka, da kurata biyu. An koya mana cewa duk abin da ka tarar a wurin da ake zargin laifi kayan shaida ne, sai na sa aka cire wayoyin duka, aka zuba a buhun taki. Sun haura sittin.

Bawa ya ce, "Yallaɓai, ni ku tahi da ni, ku bar ma mutane wayoyinsu. Amana ta anka ba ni."

Na ce a sa masa ankwa. Muka ratsa da shi ta layin masu hatsi da na masu nama, kowa ya gani. Ban yi don mugunta ba. Na gaji ne, ina son a ga muna aiki.

Kwana biyu Bawa bai ce komai ba. Mai caji ba ya faɗin wa ya kawo waya, wa ya karɓa, haka al'adarsu take. A waje kuwa mutane sun cika gindin darbejiyar ofis: matan da mazansu ke cirani, wata tsohuwa mai jiran labarin ɗanta da ke kwance asibiti, 'yan kasuwa. Ni suke roƙo, amma Bawa suke zagi, don maganar da ta zaga gari ita ce yana sauraren saƙonnin mutane yana sayar wa jarida. Mutumin da ko sunansa ba ya iya karantawa a allon waya.

Rana ta uku na kai masa fura, na zauna kusa da shi a ƙasa. Ya kalli kwanon, ya ce:

"Lawali na, sakataren Honorabul. Shi yaz zo da kwalin da azahar, yat tahi da wayar, ya maido ta da la'asar, wai ba ta cika ba. Ni mi za ni ce? Kwali na ga hannunai."

Na bi maganar, ta tabbata. Lawali ya san lambar buɗe wayar kansila, maigidansa, kuma kujerar maigidan yake so. Na rubuta rahoto na kai wa DPO. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce Lawali yanzu shi ne wanda shugaban ƙaramar hukuma ya tsayar takarar kansila, in ina so in ƙarasa aikina a wani ƙauyen bakin iyaka sai in je in kamo shi. Ɗan jaridar da ya saki saƙon kuma mun aika masa takardar gayyata, washegari aka buga cewa 'yan sanda na farautar manema labarai, hedikwata ta ce a janye. Kansila ya rasa kujera, Lawali ya samu tikiti, rahotona ya shiga durowa.

Rana ta shida aka ce in sallami Bawa saboda rashin hujja. Na fito da shi, na ba shi allunan soket ɗinsa da muka kwaso tare da wayoyin. Bai ɗauka ba.

"Yallaɓai, ku ba ni takarda wadda tac ce ban yi ba."

Na tsaya ina tunani. Muna da takardar kamu, da ta tsarewa, da ta beli, da ta kai mutum kotu. Wadda yake nema ba mu da ita, ba a taɓa buga ta ba.

Ya ce, "Tau, in babu, ranar kasuwa kunka ɗauke ni, ta cikin mutane. Ku maida ni ranar kasuwa, ta cikin mutane, kai da kanka, ka ce ba ni na ba."

Na ce in sha Allahu. Na faɗa wa DPO, ya ce yin haka amsa kuskure ne a bainar jama'a, ga zaɓe ya matso. Gaskiya kuma ko ba izininsa zan iya takawa da ƙafata, tafiyar minti goma ce. Kasuwa ta ci, na ce sai ta gaba. Ta gaba ta zo, aiki ya taso. Bawa ya buɗe rumfa wata biyu, soket a jere, ba waya ko ɗaya. Daga baya ya sayar da solar ya tafi wajen 'yarsa a Maraɗi. Har yau abin yana cin raina.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. In manya suka yi faɗa da waya da jarida, aikinmu yakan gangara ya tsaya a kan wanda ba shi da mai buga waya dominsa. Kuma an koya mana yadda ake fitar da mutum daga cikin jama'a, ba wanda ya koya mana yadda ake maida shi. Kafin ka ce a sa ankwa, ka tambayi kanka ko za ka iya rako shi gida ta hanyar da ka biyo da shi. Ni minti goma ce, kuma ban iya ba.