Gajeren Numfashin Ƙanena

Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, ina walda a wani gareji a unguwar Alshajara ta Khartum, ina zaune a gidanmu na gado a Umbadda, wata unguwa a garin Omdurman da ke tsallaken kogin Nilu. Ni mutum ne mai taurin kai, in na kafe ko jaki ya san da zamana. Tun ina yaro nake iyo a Nilu, na kuma sha shiga tseren dogon zango, inda mutum zai yi awa biyu cikin ruwa. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, amma ban taɓa fita kafin ƙarshe ba, kuma da wannan nake taƙama.

Ƙanena, wanda na ba shekara tara, ya fi ni baiwa nesa ba kusa ba. Ya shiga wani kulob a Khartum inda ake iyo da za'anif, wato faffaɗan takalmi guda ɗaya mai kama da wutsiyar kifi, da ake zura ƙafa biyu a ciki. Ƙaƙƙarfa ne, cinyoyinsa kamar turmi. A tseren mita hamsin babu mai kamo shi: zai nutse da numfashi ɗaya, ya ɓullo a ɗaya bangon kafin ka gyara zama.

Wata rana na je kallon atisaye, na tambayi kabtin ɗinsu, wato mai horar da su, me ya hana a sa ƙanena a tseren kogi. Ya amsa da Larabci cewa nafas ɗinsa, wato numfashinsa, gajere ne, ba a yi jikinsa don nisa ba. Ya ci gaba da bayani a kan tsoka da bugun zuciya, amma ni kunnena ya riga ya toshe. A bakin mutanen Omdurman, in aka ce nafas ɗin mutum gajere ne, ana nufin ba shi da juriya, ya fara abu ya watsar. Mu kuwa kakanmu da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, mahaifinmu ya tsinci auduga a Jazira har bayansa ya tanƙware. An kira mu da sunaye iri-iri a garin nan, amma ba a taɓa ce mana ragwaye ba. Na ɗauka dukan gidanmu kabtin ya zaga.

Daga ranar na sa ƙanena a gaba. Ko abinci muke ci sai na kira shi wutar kara, in ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ya faɗa mini cikin ladabi cewa in ya wuce mita ɗari biyu ƙafafunsa nauyi suke yi, kuma takalminsa mai tauri ne, na masu nisa ya fi laushi. Inna ta ce in ƙyale shi, yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Ban ji ba. Na kai sunansa wani tseren kogi ba da sanin kabtin ba, shi kuma ya kasa yi wa yayansa musu.

Da safe aka yi tseren. Ya tashi yadda jikinsa ya saba, ya bar kowa a baya, har da jirgin da ke rakiyar masu iyo. Ina bin gaɓa da gudu ina ihun murna. Can sai na ga ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya nutse. Jijiyoyin cinyarsa ne suka ɗaure, ga ƙafa biyu a takalmi ɗaya, ya kasa zare su. Kafin jirgin ya iso ya daɗe a ƙasa.

Ya rayu, amma ba yadda yake ba. Magana yanzu a hankali take fito masa, hannunsa na dama yana rawa, yana mantuwa. Ban yi kuka a ranar ba, har yau ma ban yi ba. Na koma gida na ci abincin rana, na wanke hannu. Kabtin ya zo asibiti, bai zage ni ba. Ya zauna ya ƙarasa bayanin da na ƙi saurare: tsokar masu gajeren zango tana ba da ƙarfinta duka a lokaci ɗaya ta gaji, ta masu nisa tana sakinsa kaɗan-kaɗan, zuciyarsu da huhunsu suna ciyar da ita. Abin da yake nufi da nafas ke nan, siffar jiki ce, ba hali ba. Na gyaɗa kai, ban ji komai a raina ba.

Na rubuto ne don masu ƙanne da 'ya'ya da ke wasan motsa jiki. Allah bai yi jiki iri ɗaya ba, kuma juriya ba ta canza halitta. In masani ya faɗi kalmar da ta yi maka zafi, tsaya ka tambayi me yake nufi kafin zuciya ta ɗebe ka. In ɗan'uwanka ya ce jikinsa ba zai iya ba, ka yarda da shi, ya fi ka sanin jikinsa. Nawa bai taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da yake maimaita mini shi ne in yafe masa, wai ya ba ni kunya bai ƙarasa tseren ba.