Wayar da Aka Musanya wa Anti Kitso

A layinsu kowa Anti Kitso yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai walda da mai kemis: kujera biyu, madubi mai tsaga, da ƙusa a bango inda take rataye waya don ta ga haskenta ko hannunta yana cikin gashin mutane. Masu zuwa kitso suna tsokanarta wai kiran saurayi take jira. Ba saurayi ba ne, Inna ce, mahaifiyarta, wadda tsufa ya fara taɓa wa tunani. Inna takan yafa mayafi ta fita neman gidan da suka baro tun Anti tana goye. Maƙwabciyarsu, matar direba, ita ke sa ido, da ta ga ƙofa a buɗe sai ta kira.

Shi ya sa Anti ta daure ta sayi sabuwar waya mai garanti. Ba a jima ba fuskar wayar ta mutu. Kamfanin ya karɓa, daga baya ya aiko mata wata a farin kwali marar rubutu.

Irin tata ce, amma ba sabuwa ba. Bakin ramin caji duk ya ƙuje. In fuskar ta yi fari, sai a ga inuwar wasu layuka kamar taswira, ba sa gogewa. Mai walda ya ce tabbas tsohon mai ita ɗan tasi ne, ta gode Allah ba a haɗo mata da fasinjojin ba. Ta yi dariya, amma hankalinta bai kwanta ba.

Batir yana nuna rabi sai wayar ta ɗauke. Wani lokaci kira ba ya shigowa sam. Anti ta koma roƙon duk wadda ta zauna a kujera ta ɗan kira ta, su gani. Tsagarta, da ake yabo, ta fara karkacewa, don ido ɗaya yana kan bango. Ta yi wa yayanta ƙorafi, ya ce ta cika tsoro, waya ai waya ce.

Wata rana da hantsi tana rabin kan wata malamar asibiti, mai kemis ya faɗo shagon da tasa wayar a hannu.

"Anti, ina wayarki? Matar direba ta kira ki har ta gaji. Inna ta fita tun ɗazu."

Ta waiga. Wayar tana nan a rataye, a kunne, shiru abinta.

Da mataji a hannu ta fita. Ta tambayi mai faci, ta tambayi masu shaguna, kowa ya girgiza kai. A bakin babbar kwata ta tsaya, ta kasa leƙawa, sannan ta leƙa. Ba kowa. Sai can a tashar bas ta hango mayafin. Inna na zaune kan benci, takalmi ƙafa ɗaya, tana kallon duk motar da ta tsaya.

"Baiwar Allah, kin ga 'yata?" in ji Inna. "Daga makaranta za ta dawo. Ƙarama ce, mai wushirya."

Anti ta rufe bakinta da hannu, ta ɓoye wushiryarta. "Na gan ta, Inna. Tana gida. Tashi mu je."

A ofishin kamfanin, ma'aikaciyar ta saurare ta da ladabi. Ta ce garantin ya ba su damar ba da wadda aka gyara, za su sake musanyawa, amma ba za ta yi mata alkawarin sabuwa ba. Ta ukun da aka aiko tana ringin, sai dai muryar mai kira tana fita kamar daga cikin bokiti.

Anti ta kwashe kujerunta ta koma barandar gida. Wasu masu zuwa kitson sun biyo ta, wasu sun ce akwai nisa. Inna tana zama a gefe tana kushe tsagar, kuma sau da yawa gaskiyarta ce, don a hannunta Anti ta koya. Cefane kuwa yanzu yayan ne yake yi, yana mita. Ita ko shagon bakin layi ta nufa, ba ta kaiwa sai ta juyo ta duba Inna.