Kwamfutar da ba ta san taubashi ba

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun kwamfuta, na ɗauko wa kaina Dala ba gammo. Akwai wani wasa da muke yi mu biyar duk Asabar bayan la'asar, a zauren gidanmu da ke Kurmin Mashi. Abokina ne ya ƙirƙiro shi. Kowa zai zama wani bafatake a ayarin da ya nufi Gwanja sayen goro, da takardarsa mai bayanin asalinsa da ƙarfinsa. Abokina yana jan labari, mu muna faɗin abin da mutanenmu za su yi, ƙwayar lido kuma ta yanke ko an dace.

Don neman suna, sai na ce aikina na kammala karatu shi ne in koya wa kwamfuta dokokin wasan nan. Ontoloji ake kiran abin. Sai ka fayyace mata komai: wannan mutum ne, wannan jaki ne, ga abin da ya haɗa su, ga abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Ita babu ruwanta da "ai ka gane".

Ga shi na riga na maimaita shekara. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi gara ya zage ni. Idan aikin nan ya faɗi, wata shekarar ce kuma.

Cikin dokokin na rubuta cewa wanda ya zage ka a gaban ayari maƙiyinka ne, wanda ya ceci ranka masoyinka ne, kuma mutum ɗaya ba zai zame maka duka biyun ba. Ni a ganina ko alƙali sai haka.

Saura kwana huɗu in kare aikin, malamina ya ce in zuba wa kwamfutar duk abin da muka rubuta na wasannin da muka yi, mu ga ko za ta yarda. Na zuba. Ta yi ja wur, ta ce akwai tufka da warwara. Ita kuwa in ta sami karo ɗaya, duk aikin take watsarwa. Na bi diddigi har na gano fatake biyu ne suka jawo. Ɗaya kullum sai ya kira ɗaya rago mai cin tuwon mata, ya fizge masa hula a zango. Shi ne kuma ya faɗa kogi ya tsamo shi ranar da ruwa ya ja shi.

"Goge su mana," in ji abokina. "Wa zai sani?"

"Malam yana da kwafi," na ce. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, amma gaskiya kwafin nan ya taimaka.

Kwana biyu ina juya dokoki, in toshe nan, can ya ɓalle. Ran na uku da hantsi goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Rigasa kawo wa mahaifiyata atamfofin da take sayarwa. Ta same ni a tsakar gida na yi tagumi.

"Kai kuma wa ya mutu?"

Na yi mata bayani sama-sama, don na ɗauka ba za ta gane ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Su masu zagin junan, me ke tsakaninsu?"

"Goggo, ba mutanen gaske ba ne."

"Na ji. Amma ai ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan wa ne?"

Na ɗauko takardunsu don kawai in sallame ta. Ɗaya ɗan madugu ne, wato shugaban ayarin. Ɗaya kuma ɗan ƙanwar madugu.

"Ɗan mace da ɗan namiji," ta ce, tana kallona kamar na zubar mata da miya. "Taubasai ne, ɗan nan. In bai zage shi ba, wa zai zaga? Ranar da suka daina, ranar za ka nemi mai sulhu. Wannan ne bokon da ake ta jira ka gama?"

Kunya ta kama ni. Abin da aka haife ni a cikinsa, abokaina suna yinsa a wasa ba tare da sun yi tunani ba, ni kuma ban taɓa rubuta shi ba. Kafin azahar na ƙara dangantaka guda, na ce zagin taubashi ba gaba ba ne. Na danna. Jan ya ɓace. Na yi ajiyar zuciyar da har mahaifiyata ta leƙo daga madafi.

Ranar kare aiki, wani dattijo Babarbare da aka gayyato daga wata makaranta don ya duba aikin ya daɗe a kan shafin nan. Can ya ɗago ya ce, "Ka sa taubasai, amma ban ga Barebari da Fulani ba."

Malamina, Bafulatani, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ma sa bayinmu a littafi."

Ɗakin ya kwashe da dariya, dattijon har da share ƙwalla. A nan na san na tsira.

Har yau aikina ke nan, tsara wa kwamfuta ilimi, kuma na daina fara tambayar me aka ce kafin in san wa ya faɗa wa wa. Abin da kowa ya sani shi ne ba wanda yake tunawa ya rubuta.

Da sakamako ya fito, mutane sun yi ta kira suna sa albarka. Kiran da na fi tunawa na babban ɗan goggona ne. Ko sallama bai gama ba ya ce, "An ce ka ci? Daƙiƙi, sai da uwata ta yi maka jarrabawar."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.