Kilo Shida na Khalfan

Ƙauyenmu na kan dutse ba shi da hanyar mota, sai ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ke sauka bayan gonakin ruman. Shekara ashirin da biyu maƙwabcina Khalfan ke riƙe da sikelin jirgin. Buhun shinkafa, akuya, tsohuwa, kowa sai ya hau. Mu kuwa ba ma barin baƙo ya tafi hannu rabbana, ko matuƙi ne sai mun cusa masa kwandon ruman. Khalfan ya bi baya ya sauke. Ni kaina na sha zaginsa a kan haka.

"Jirgin nan ba jakinku ba ne," yakan ce. "In rana ta take, iskar dutse ba ta iya ɗaga shi da kaya. Kilo ɗaya ma magana ne."

Ran da ciwon ƙirji ya kayar da matarsa Zuwaina, azahar ce ta tsakiyar bazara. Aka cire kujerun baya aka shimfiɗa gadonta, ma'aikaciyar jinya ta tsuguna gefenta da tulun iskar numfashi. Kujera ɗaya ta rage kusa da matuƙi. Khalfan ya hau sikeli da kansa, ya duba, ya sake dubawa. Ya zarce nauyin da ya rage wa jirgin da kilo shida.

"Baba, hau mu tafi," in ji matuƙin. "Zan lallaɓa."

"Da ita a ciki za ka lallaɓa? Rufe ƙofar."

Zuwaina ta ɗago kai da ƙyar, har da ɗan murmushinta. "Ka gani ko, maigida? Na ce ka rage alawar nan, ka ƙi. Ka ba awaki ruwa kafin in dawo."

Ya riƙe rawaninsa da hannu biyu har ƙura ta lafa, sannan ya kama gangara da ƙafa zuwa asibiti. Awa biyar ya yi. Ashe Zuwaina ta cika tun suna sama, hannunta cikin hannun baƙuwa.

Shekara guda ke nan, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna zagin da na yi masa. Bai bar aikin ba, abinci ne ya bari. Jiya na same shi tsaye kan sikelin, babu jirgi babu kaya, riga na lilo a jikinsa.

"Zo ka duba, Sulayyim," ya ce. "Yau da na shiga."